Wa'adin barin sansani: a rataya shi a wuyan hukuma, a sauke wa mai goyo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan wa'adin da ake ɗibar wa 'yan gudun hijira su tattara su bar sansani, musamman iyalan da ke da ƙananan yara. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a Maiduguri, aikina riga-kafi da awon yara. Tun da mutanen Gwoza da Bama suka kwararo cikin gari a 2014, na Baga suka biyo bayansu a farkon 2015, yawancin matan da ke jeruwa a benci suna jirana waɗanda suka baro gida ne daga su sai zanen jikinsu da ɗan da ke baya. Abin da zan faɗa a bakinsu na ji shi, wani kuma da idona na gani.

Zan fara da ba gwamnati gaskiyarta. Duk wanda ya taɓa shiga tantin tamfol da azahar a watan Afrilu, ya tarar da mutum takwas a ciki, ko ya bi layin bayan gida da sassafe, ba zai ce a bar mutane a sansani har abada ba. Na ga yaran da aka haifa a can suka yi wayo ba su taɓa ganin ubansu riƙe da fartanya ba. Na ga 'yan matan da aka lalata a kan kwanon shinkafa. Gwamna Babagana Umara Zulum ya sha faɗin cewa zaman sansani yana kashe zuciya, yana jawo shaye-shaye da lalata, kuma mutum ba ya dawo da mutuncinsa sai yana ci da guminsa. Ban musa ba. Kuma ba a zaune ya faɗa ba, an gina gidaje da makarantu a garuruwa da dama, shi da kansa yake tsayawa wajen rabo.

Inda na rabu da su shi ne maganar sa ranar tashi. A watan Oktoban 2021 gwamna ya sanar cewa za a rufe dukkan sansanonin gwamnati da ke cikin Maiduguri zuwa 31 ga Disamba. Aka rufe Bakassi da ke kan hanyar Damboa a ƙarshen Nuwamba, Stadium da Teachers Village suka biyo baya a farkon 2022, Dalori ta ɗaya da ta biyu kuma a watan Agusta. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙirga sansani 8 da mutum fiye da 140,000 da abin ya shafa daga Mayun 2021 zuwa Agustan 2022. Abin da aka damƙa wa mutane a hannu tsakanin naira 50,000 ne zuwa 100,000, sai ɗan abinci. A Disambar 2021 kuma aka hana ƙungiyoyin agaji raba abinci a garuruwan da aka sake tsugunar da jama'a, domin su koyi dogaro da kai.

Ranar 31 ga Disamba ta dace da rufe littafin kasafin kuɗi, shi ya sa ma'aikacin gwamnati yake son ta. Mu kuwa a asibiti mun san ta da wani abu daban: tsakiyar hunturu ce, lokacin da tari da ciwon haƙarƙari suke kwasar jarirai, lokacin da ƙyanda take fara ɗaga kai. Kuma ba lokacin shuka ba ne. Manomin da aka mayar ƙauyensu a Disamba, in ba shi da fadama ko gonar firgi, sai ya jira ruwan Yuni ya yi shuka, ya sake jira har Oktoba kafin ya kai wani abu rumbu. Wata goma ke nan. Wa zai ce naira 100,000 za ta riƙe mai iyali takwas wata goma?

Yaro ma yana da nasa ranakun, kuma su ba sa jiran kowa. Ranar haihuwa akwai allurar tarin fuka da ta ciwon hanta da ɗigon shan-inna. Sai mako 6, mako 10, mako 14. Sai wata 9 a yi ta ƙyanda da ta shawara, a sake ta ƙyanda a wata 15. Uwa ta riƙe wannan ne don ta san bencin da za ta zauna, ta san ranar, ta san fuskar mai yi mata. Ka ɗauke ta tsakanin mako 6 da mako 10 ka kai ta garin da ɗakin shan maganinsa gini ne kawai, ba firijin ajiye allura, ba ma'aikacin da ke kwana a garin, to an yanke zaren. Katin ma sau da yawa a hanya yake salwanta, ko ruwa ya jiƙa shi a cikin ƙullin kaya.

Ta tamowa ta fi tsanani. Muna da wani ɗan tef mai launi uku da muke zagaya wa yaro a dantse. Kore lafiya lau, rawaya a yi hattara, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, yaro yana bakin rami. Wanda ya faɗa ja sai mu sa shi a kan abincin nan na gyaɗa da madara da ke cikin 'yar leda, uwar tana kawo shi duk mako, a auna, a duba ƙafa ko ta kumbura, a ba ta na wani makon. Yawanci sai an yi mako shida zuwa takwas kafin a sallame shi. Idan aka katse a tsakiya, yaron yana komawa inda ya fito, wani lokaci ma ya zarce.

Akwai wata baiwar Allah daga yankin tafkin Chadi da ba na mantawa da ita. 'Yarta ba ta daɗe da shiga shekara ta biyu ba, tef ya nuna ja, muka fara. Ta soma karɓa, ido ya buɗe, har ta fara fizge ledar daga hannun uwar tana tsotsa da kanta. Ana cikin haka aka zo aka sanar da su ranar tashi. Uwar ta zo awo da kayanta a ɗaure, ta ajiye su a bakin ƙofa. Da na gama rubutu sai ta ce, "Likita, can ɗin akwai ku?" A wurinsu duk mai farar riga likita ne. Na ce mata an ce za a tura ma'aikata. Ta ce, "An ce." Ba ta ƙara komai ba, ta juya yarinyar ta goya. Na ƙara mata ledoji iya abin da dokar aiki ta yarda, na rubuta takardar da za ta nuna a can. Bayan wasu watanni muka fita zagayen riga-kafi gida-gida, na tarar da ita a wani kango a bayan gari, an kare taga da buhu, ita da wasu iyalai uku. Ashe sun je, ba su iya zama ba, sun dawo. Na sa wa yarinyar tef, ja. Takardar da na rubuta tana nan a ƙulle a bakin zanenta, ba ta samu wanda za ta miƙa wa ba.

Wannan kangon shi ne abin da ba ya fitowa a lissafi. Idan aka rufe sansani, adadin da ke cikin rajista yana sauka, a ce an samu ci gaba. Amma mutanen ba ɓacewa suka yi ba. Wasu sun koma garuruwansu sun zauna lafiya, alhamdu lillahi, kuma ina taya su murna. Wasu sun tafi hedikwatar ƙaramar hukuma, irin su Bama da Monguno, suka shiga wani sansanin da ya riga ya cika. Wasu kuwa nan cikin Maiduguri suka watsu, a kangaye da filayen mutane da ɗakunan haya da ake kora idan wata ya mutu. A sansani, duk lalacewarsa, akwai famfo, akwai bayan gida, akwai mu a ƙofa. A kango babu ko ɗaya, kuma sunan uwar ya fita daga kowace takarda. Yaran da a da suke zuwa makarantar tanti, yanzu su ne a bakin danja da roba a hannu.

Sai kuma maganar rabon kuɗin sallama. Ana ƙirga wanda aka tarar ne a ranar. Dalilin a bayyane yake, don akwai 'yan gari da suke shigowa su kwana a sansani idan sun ji ƙishin-ƙishin ɗin rabo, kuma dole a toshe wannan. Amma wace ce ba a tararwa? Matar da ta kwana a asibiti da yaro a kan gado. Wadda ta tafi haihuwa. Wadda ta yi sammako wankau a cikin gari don a samu na koko. Tsarin da aka yi don kama mai zamba sai ya faɗa kan wadda ta fi kowa buƙata.

Ba zan tsawaita kan tsaro ba, masu karatu sun fi ni sani. An mayar da mutanen Kukawa a farkon Agustan 2020, ba a yi mako uku ba aka kai musu hari. A Maris 2024 aka sace mata da yara masu yawa a Ngala sun fita neman itace. A Mayun 2025 mutanen Marte suka sake gudu zuwa Dikwa, har gwamna ya je ya kwana a Marte don ƙarfafa musu gwiwa. A Satumbar 2025 aka kashe mutum fiye da 60 a Darul Jamal ta ƙaramar hukumar Bama, garin da ba a daɗe da mayar da mutanensa ba. A garuruwa da yawa rayuwa ta tsaya ne a cikin ramin da sojoji suka zagaye gari da shi, gona da itace kuma suna waje. Uwar da aka hana tallafi don ta dogara da kanta, in ta tsallake ramin ta shiga haɗari, in ta zauna yara su kwana da yunwa. An gudu ba a tsira ba.

Ambaliyar Alau ta sake nuna mana abin a gajeren zango. Daren 9 wayewar 10 ga Satumban 2024 dam ya ɓalle, ruwa ya shanye Gwange da Gamboru da Kasuwar Monday, ya shiga fadar Shehu da Asibitin Koyarwa. Dubban ɗaruruwa suka rasa wurin kwana, aka sake buɗe Bakassi ɗin da aka rufe, aka zuba mutane a makarantu. Cikin 'yan makonni aka fara sallama da haɗe sansanoni. Hujjar tana da ƙarfi, ɗalibai suna buƙatar azuzuwansu. Sai dai wadda gidanta na ƙasa ne ya narke, ko 'yar haya da mai gida bai gyara ba, ina za ta? Da yawa sun koma kan laka da rijiyar da masai ya malala a ciki, kuma a farkon Oktoba gwamnatin jiha ta sanar da ɓarkewar kwalara.

Ƙanwata tana aikin jinya a Ingila, mukan yi wannan hirar da ita a waya, ita ce ta jawo hankalina kan abin da ya sa na ɗauki biro. Su ma suna da wa'adi, amma a wuyan hukuma yake. Wata doka ta 2003 ta ce idan iyali mai yara ko mace mai ciki suka rasa muhalli, ƙaramar hukuma ba za ta ajiye su a masaukin kwana na haya, irin wanda ake tarayya a banɗaki ko kicin, fiye da mako 6 ba. Kafin wa'adin ya cika dole ta samo musu wurin da ya fi. A Sikotilan ma kwana 7 ne. Kada mai karatu ya ɗauka aljanna ce. Ƙananan hukumomin suna karya dokar a kai a kai saboda ƙarancin gidaje, yara fiye da 160,000 ne suke zaune a matsugunin wucin gadi a Ingila, kuma masu bin diddigin mutuwar yara a can sun gano cewa tsakanin 2019 da 2024 irin wannan zama yana da hannu a mutuwar yara 74, 58 daga cikinsu ba su cika shekara ba. Amma idan mako 6 ya wuce, mai laifi a idon doka hukuma ce. Uwar tana da inda za ta kai ƙara, kuma akan biya ta diyya.

Birnin New York na Amurka ya bi ɗaya hanyar. A Oktoban 2023 magajin gari Eric Adams ya sa wa iyalan baƙin haure masu yara wa'adin kwana 60 a matsugunin gwamnati, aka fara aiwatarwa a Janairun 2024, cikin tsananin sanyi. In kwanakin suka cika sai iyali su tattara kaya su je su sake neman wuri, a tura su wata unguwa, yaro ya yi nisa da makarantarsa. Da kuɗinsu da komai, da suka ɗora ranar a kan uwa, yaro ne ya biya.

To mu wanne muka ɗauka? Namu irin na biyun ne, kuma ba mu da ko damar sake neman wuri.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin jiha ba. A juya wa'adin. Majalisar Dokokin Jihar Borno ta yi doka cewa duk iyalin da ke da yaro ɗan ƙasa da shekara 5, idan suka shiga sansanin gwamnati, hukuma tana da iyakar lokacin da za ta samar musu matsuguni na dindindin, in ta gaza ta zo gaban majalisa ta yi bayani. Su 'yan majalisa su yanke tsawon lokacin, ni dai a ce akwai wanda za a tambaya. Ranar tashi kuma kada a sa ta sai an je an ga wurin da ido: famfo yana zuba, ɗakin shan magani yana da ma'aikaci da firiji mai aiki, akwai malami a aji, kuma soja sun tabbatar ana iya zuwa gona. A tafi da matan cikin masu dubawa, kada a tsaya kan bulama da lawani kaɗai. Mace ce ta san nisan rijiya.

Wasu kuma a cire su daga kowane wa'adi, ko da an rufe sauran sansanin: mai tsohon ciki, mai jego har jaririnta ya karɓi allurar mako 14, da duk yaron da ke kan maganin tamowa har a sallame shi. Ba su da yawan da zai hana rufe wuri, ɓangare ɗaya ya ishe su. Wadda ba a tarar ba ranar ƙirga, takardar asibiti ta isa shaida. Kuma a daina sa rana a tsakiyar hunturu ko a tsakiyar damina lokacin da abinci ya yi wuya. A kai mutum gab da shuka, da iri a hannu, abincinsa yana biye da shi har ya girbe. Hana tallafi kafin amfanin farko ya shigo gida ba ya koya wa kowa dogaro da kai, bara yake koyarwa.

Akwai kuma waɗanda ba za su koma ba, gara a faɗi gaskiya. Matar da aka yanka mijinta a gabanta a ƙofar gida, ta shekara goma a Maiduguri, ta koyi ɗinkin hula, 'ya'yanta sun tashi a nan, ita ma 'yar jiha ce. Yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda Najeriya ta amince da ita a 2012, ta ba ɗan gudun hijira zaɓi uku: ya koma gida, ya zauna inda ya samu kansa, ko a kai shi wani wuri, kuma da yardarsa, cikin aminci da mutunci. Na biyun nan shi ne ba mu cika ji ana maganarsa ba. Ɗan fili da takarda a gefen gari ya fi arha a kan jinyar yaran kango.

Na san za a ce kuɗi. Gaskiya ne, masu ba da agaji na waje suna janye hannu. A Yulin 2025 Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa cibiyoyin kula da tamowa fiye da 150 a Borno da Yobe za su rufe saboda rashin kuɗi. Amma wannan dalili ne na a ƙara lura da inda ake kai yaro, tunda wanda zai tare shi a can ya ragu. Kuma maganar ba ta Borno kaɗai ba ce. A Zamfara da Katsina da Sakkwato mutanen da 'yan bindiga suka kora da yawansu ko sansanin hukuma ba su samu ba, a makarantu da tashoshin mota suke kwana. Mutanen Mokwa sun ɗanɗana nasu bayan ambaliyar Mayun 2025. Duk jihar da ta buɗe sansani wata rana za ta so rufe shi, kuma daga Borno za ta yi koyi.

Abu na ƙarshe, a ƙirga. Duk sansanin da aka rufe, bayan wata shida a bi sawun yaran da ke cikin rajistarsa 'yan ƙasa da shekara 5: nawa ne suke inda aka kai su, nawa suka dawo gari, nawa suka kammala riga-kafi, nawa suka rasu. A buga sakamakon a jarida kowa ya gani. In tsarin yana aiki, gwamnati ce za ta ci riba da wannan lissafi. Rajistocin awo da na riga-kafi suna nan a cibiyoyin lafiya, da sunan uwa da garin da ta fito da ranar da aka daina ganinta. Duk ɗan majalisar da ke son farawa, ya nemi izinin hukumar lafiya a buɗe masa su.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Wata ma'aikaciyar lafiya,
Maiduguri, Jihar Borno.